DAJI MA YANA BUKATAR MASU LISSAFI

Kowace shekara, idan lokacin cika takardar neman shiga jami'a ya yi, abu ɗaya mukan gani a aji shida. Yaron da ya fi kowa iya lissafi yakan rubuta likita ko injiniya, yarinyar da ke gaba a kimiyya ta rubuta haɗa magunguna, sauran kuma su rarrabu tsakanin lauya da akanta. Ilimin gandun daji da ilimin tsirrai kuwa an bar wa wanda makinsa bai kai ba. Jami'a ce takan tura shi can, ya tafi yana gunaguni, iyayensa kuma suna jin nauyin faɗa wa maƙwabta abin da yake karantawa. Mu malamai muna ganin wannan hasara ce ga ƙasa. Ra'ayinmu shi ne, dazuzzukanmu suna bukatar waɗansu daga cikin ɗalibanmu mafi kaifin kai a lissafi, kuma akwai aiki na mutunci da ke jiransu, wato binciken ire-iren itatuwa da halayensu ta hanyar ilimin ƙididdiga.

WANE IRIN AIKI NE?

In aka ce aikin daji, abin da ke faɗo wa yawancin mutane a rai shi ne malamin daji mai kaki, wanda ke kama masu saran itace ya kai su a ci su tara. Wannan ma aiki ne mai amfani, amma wanda muke magana a kai dabam ne. Mai bincike tambayoyi yake bi. Iri nawa ne na itace a wannan daji? Wanne ke ƙaruwa, wanne ke ƙarewa? In ruwan sama ya ragu shekara goma a jere, wane iri ne zai jure, wanne zai mutu? Itace nawa za a iya sarewa a shekara ba tare da an kashe dajin ba?

Ba wanda zai iya ƙirga itatuwan babban daji ɗaya bayan ɗaya. Mai sayen hatsi ma ba ya zazzage buhu duka kafin ya san ko masarar tana da ƙwari. Yakan soka buhun a wuri biyu ko uku, ya duba abin da ya fito a tafin hannunsa, ya yanke hukunci. Ilimin ƙididdiga shi ne yin wannan bisa ƙa'ida: wuri nawa za a soka, a ina, kuma yaya girman kuskuren da mai yiwuwa ne a yi. Mai binciken daji yakan keɓe fili, ya auna kowane itacen da ke ciki da kyau, sa'an nan ya gina tsarin lissafi da zai gaya masa abin da ke faruwa a sauran dajin da ƙafarsa ba ta taka ba.

A farkon shekarun 1980, masana biyu, Stephen Hubbell da Robin Foster, suka keɓe fili mai hekta 50 a tsibirin Barro Colorado na ƙasar Fanama. Kowane itacen da faɗin gindinsa ya kai santimita 1, wato kamar ɗan ƙaramin yatsa, suka auna shi a tsayin mita 1.3 daga ƙasa, suka rataya masa lamba, suka rubuta sunansa da inda yake tsaye. Itatuwan sun haura 200,000, ire-irensu kuwa kimanin 300. Bayan kowace shekara biyar akan koma a sake aunawa, a ga wanda ya girma, wanda ya mutu, da sabon da ya tsiro. Wannan tsari ya bazu ƙarƙashin Cibiyar Smithsonian ta Amurka har filaye irin wannan suka haura 70 a duniya.

Ɗaya daga cikinsu yana ƙasarmu. A kan tsaunin Mambila, a Jihar Taraba, akwai kurmin Ngel Nyaki, inda Farfesa Hazel Chapman ta Jami'ar Canterbury a Niyu Zilan ta kafa tashar bincike. A 2014 da 2015 aka keɓe fili mai hekta 20 da 'yan kai a kurmin, aka ƙirga itatuwa sama da 41,000, iri 105. Yawancin masu aunawar mutanen ƙauyukan wurin ne da aka koya wa aikin, kuma 'yar Nijeriya ce, Iveren Abiem ta Jami'ar Jos, ta jagoranci rahoton binciken da aka buga a 2020. Saboda haka kada wani ɗalibi ya ce mana wannan aikin Turawa ne kaɗai.

INA LISSAFI YA SHIGO?

Ga misalin da ɗan aji huɗu zai iya yi a bayan littafinsa. A ce akwai gandu biyu, kowanne da itace 100, kowanne kuma iri biyar. A gandu na fari, 96 dogon yaro ne, sauran huɗun kuwa kuka ɗaya, ɗorawa ɗaya, tsamiya ɗaya, kaɗanya ɗaya. A gandu na biyu, kowane iri yana da itace 20. In aka tambaya iri nawa ne, amsa ɗaya ce, biyar. Amma kowane manomi ya san gandun nan biyu ba ɗaya ba ne. To, a rufe ido a nuna itace sau biyu. A gandu na fari, sau 92 cikin 100 iri ɗaya za a nuna. A na biyu kuwa sau 20 kawai. Wannan shi ne ma'aunin da Edward Simpson ya fitar a 1949, kuma har yau ana aiki da shi. Gandun da iri ɗaya ya mamaye, cuta guda ko fari guda na iya share shi.

Akwai tambayar da ta fi wannan wuya, wato yaya za a ƙirga irin da ba a taɓa gani ba? A 1943, Ronald Fisher na Ingila da abokan aikinsa biyu suka duba ƙidayar malam-buɗe-littafi da aka kama a ƙasar Malaya. Suka lura cewa ire-iren da aka kama sau ɗaya tak sun fi yawa, waɗanda aka kama sau biyu suna biye, haka har zuwa 'yan kaɗan da suka cika ko'ina, kuma raguwar tana bin wata ƙa'ida. Wanda ya san ƙa'idar zai iya kimanta yawan waɗanda suka kuɓuce wa raga. Da wannan dabara masana suka kimanta a 2013 cewa kurmin Amazon yana da itatuwa kimanin biliyan 390, iri kusan 16,000, amma iri 227 kawai su ne rabin dukan itatuwan. A 2022 wani babban bincike ya kimanta ire-iren itatuwan duniya a kan 73,000, kuma kimanin 9,000 daga ciki masana ba su kai ga sa musu suna ba tukuna. A 2015 kuma an kimanta cewa itatuwan duniya sun kai tiriliyan 3, ana sare kimanin biliyan 15 kowace shekara. Duk alƙaluman nan daga tef ɗin awo da tsarin lissafi suka fito.

HALAYEN ITACE

Sunan itace kaɗai ba ya faɗin abin da zai yi a lokacin wahala. Shi ya sa masana ke auna abin da suke kira halayen itace: nauyin katakonsa, kaurin ganyensa, girman ƙwayarsa, kaurin ɓawonsa, zurfin saiwarsa, da lokacin da yake kaɗe ganye. Iyayenmu sun san waɗannan tun kafin a rubuta su. Sun san da ƙirya ake sassaƙa turmi, ita ce kuma gawayin maƙera, gama katakonta yana da nauyi da tauri, alhali rimi da kuka ba su da nauyi. Sun san kaɗanya tana tsira daga gobarar daji saboda kaurin ɓawonta. Sun san gawo yana kaɗe ganye da damina, lokacin da sauran itatuwa ke yin kore, ya fitar da ganye da rani, shi ya sa gero ke yin kyau a ƙarƙashinsa, dabbobi kuma su sami abinci sa'ad da ciyawa ta bushe.

Abin da ƙididdiga ta ƙara a kan wannan sani shi ne iya hango gaba. In an tara ma'aunin halayen ɗaruruwan ire-ire, aka haɗa da tarihin wanda ya mutu da wanda ya rayu a shekarun fari, za a iya gina tsarin da zai nuna irin da ya kamata a dasa a Katsina da wanda ya dace da Gembu. Mun sha ganin bikin dashen itatuwa, manya su zo a ɗauki hoto, bayan rani ɗaya ba a ga ko tsinke. Sau da yawa ba a tambayi ko halin itacen ya dace da ƙasar da ruwan wurin ba.

Haka kuma batun nauyi. Yanzu duniya tana biyan kuɗi saboda kabon da itatuwa ke janyewa daga iska, kuma kusan rabin nauyin busasshen itace kabon ne. Ba a iya ɗora itace mai rai a kan sikeli. A 2014 Jérôme Chave na Faransa da abokansa suka tara bayanan itatuwa 4,004 da aka sare aka auna a wurare 58 na ƙasashe masu zafi, suka fitar da ƙa'idar da ke haɗa nauyin katako, faɗin gindi da tsayi. Bisa ga ƙa'idar, in faɗin gindi ya ninka biyu, nauyin yakan ninka kusan huɗu ko da tsayin bai sake ba. Ƙirya kuwa tana iya ninka rimi mai girmanta kusan sau uku a nauyi. Ƙasar da ba ta da masu iya wannan lissafi, duk abin da mai saye ya faɗa mata shi za ta karɓa.

ABIN DA RASHIN ƘIDAYA YA JAWO

Rashin sani ya fi dare duhu. Mu tuna da madobiya, wadda 'yan katako suka sa wa suna Madrid. A tsakiyar shekarun 2010 aka yi ta sare ta a Taraba da jihohin da ke kewaye, manyan motoci suna kwasa zuwa Legas, daga can a kai Sin. A 2017 ta shiga jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta sa wa ido, a ƙarshen 2018 kuma aka dakatar da cinikinta daga Nijeriya. Babban dalilin shi ne ƙasarmu ba ta kawo shaidar kimiyya da ke nuna cewa yawan da ake sarewa ba zai ƙarar da itacen ba. Irin wannan shaida aikin mai ƙididdiga ne: nawa ke tsaye, santimita nawa suke ƙaruwa a shekara, nawa ke tsirowa a madadin waɗanda aka sare. Da an yi wannan lissafi tun farko, da an san iyakar da za a tsaya.

Ƙidaya takan tona abin kirki ma. A yankin Maraɗi na Nijar, tun daga 1983 wani ɗan mishan na SIM mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, ya fara ƙarfafa manoma su riƙa barin tohon da ke fitowa daga kututturan gonakinsu, suna sassabe shi har ya zama itace. Manoma suka kama, maƙwabci yana koya wa maƙwabci. An yi shekara kusan ashirin duniya ba ta san girman abin ba, har sai da masana suka gwada tsofaffin hotunan sama na shekarun 1970 da na tauraron ɗan adam, suka kuma bi gonaki suna ƙirgawa. Suka kimanta hekta miliyan 5 da itatuwa kimanin miliyan 200. Daga lokacin ne gwamnatoci da ƙungiyoyi suka ɗauki dabarar da muhimmanci, har ta bazu zuwa ƙasashe da yawa.

Wani zai ce, ai yanzu tauraron ɗan adam da kwamfuta sun ɗauke wannan aiki. Gaskiya ne cewa a 2020 masana ƙarƙashin Martin Brandt na Jami'ar Kofanhegan sun ƙirga itatuwa biliyan 1.8 a yammacin Sahara da Sahel daga hotunan sama. Amma kafin kwamfuta ta iya, sai da mutum ya zauna ya zana mata kusan itatuwa 90,000 da hannu domin ta koya. Bayan haka ma, inuwar kan itace ta ƙirga, ba ta faɗi wanne ne gawo wanne ne aduwa ba. Dole wani ya je wurin da ƙafarsa, wanda ya san itacen, ya san harshen mai gonar. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

ABIN DA BANGASKIYARMU TA KOYA MANA

Littafin Farawa ya nuna mana cewa aikin fari da Allah ya ba mutum shi ne lura da gonar da ya sa shi a ciki. Wakilin da bai san yawan kayan da maigidansa ya danƙa masa ba, yaya zai ba da lissafi ranar da aka tambaye shi? Littafin Sarakuna na Fari kuma ya lasafta sanin itatuwa, manya da ƙanana, cikin hikimar Sulemanu. A tarihin ikkilisiya ma akwai masu wannan hali. Gregor Mendel, wanda ya gano ƙa'idodin gado, ya kuma buga su a 1866, ɗan zuhudu ne da ya yi shekaru yana ƙirga tsiron wake a lambun gidan ibada. Thomas Bayes, wanda aka buga ƙa'idarsa a 1763 bayan rasuwarsa, fasto ne a Ingila, kuma da ƙa'idar tasa masu binciken daji da yawa ke gina tsarinsu a yau. Baiwar lissafi talanti ce daga Ubangiji, kuma ba a asibiti ko a banki kaɗai ake iya juya ta ba.

GA IYAYE

Mun san tambayarku, kuma tambaya ce ta gaskiya: a ina zai ci abinci? Ba za mu ɓoye muku ba. Hanyar tana da tsawo. Digiri na fari shekara huɗu ne a ƙididdiga ko ilimin tsirrai, biyar a ilimin gandun daji, ga shekarar bautar ƙasa, ga digiri na biyu da na uku, duka sukan haura shekara goma. Albashin malamin jami'a ko mai bincike a ƙasarmu bai kai wahalarsa ba. Aikin yana da sauro, ruwan sama da hawan dutse, kuma akwai dazuzzukan da rashin tsaro ya hana masu bincike shiga. Iyalin da ke jiran yaro ya gama ya ɗauki nauyin ƙannensa suna da dalilin yin tunani sau biyu.

Duk da haka, a duba ɗaya gefen. Masu neman gurbin likita sun ninka guraben da ke akwai sau da yawa, kuma mun ga yara masu ƙwazo sun zauna gida shekara uku suna sake jarrabawa. A fannin da muke magana kuwa, masu sanin itace suna da dama, masu sanin ƙididdiga ma akwai su, amma wanda ya haɗa biyun ba shi da yawa, shi ya sa irinsa ya fi saurin samun tallafin karatun digiri na biyu da na uku. Wuraren aiki sun haɗa da jami'o'i, Cibiyar Binciken Gandun Daji ta Nijeriya da ke Ibadan, hukumar da ke kula da gandayen ƙasa irin su Gashaka Gumti, hukumar shingen itatuwa na tare hamada da aka kafa a 2015, ma'aikatun muhalli na jihohi, da ƙungiyoyin duniya irin su FAO. Ƙari ga haka, wanda ya iya ƙididdiga ba ya rasa mafita. Ilimin da ke hasashen mutuwar itatuwa shi ne ke hasashen yaɗuwar cuta da amfanin gona.

GA ƊALIBAI

Wanda zuciyarsa ta karkata ga wannan aiki, ya riƙe lissafi da ƙarin lissafi da hannu biyu, musamman darasin yiwuwar aukuwar abu da na ƙididdiga, waɗanda da yawa ke tsallakewa a jarrabawa. Ya haɗa da ilimin halittu, labarin ƙasa da aikin gona. Kada ya yi wasa da Turanci, gama binciken da ba a rubuta da kyau ba, ba mai karanta shi. In ya sami kwamfuta, ya fara koyon manhajar R, wadda kyauta ce, kuma ita ce kayan aikin yawancin masu wannan bincike. Akwai Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya a Jos, akwai sashen ilimin gandun daji na Jami'ar Ibadan tun 1963, akwai kuma cibiyar APLORI a kurmin Amurum kusa da Jos, inda ake koyar da digiri na biyu a kan kiyaye halittu tare da horo a ƙididdiga. In an je hutu kuma, a zauna da kaka a tambaye ta sunayen itatuwa a harshen gida da amfaninsu, a rubuta. Wannan sani yana tafiya tare da tsofaffi. Kiran nan har da 'yan mata, gama mun riga mun ga mace a gaban aikin Ngel Nyaki.

Muna kuma roƙon hukumar makaranta abu ɗaya da ba ya bukatar kuɗi mai yawa. A ba ƙungiyar kimiyya tef ɗin awo, fenti da babban littafi mai bango. Su sa wa kowane itacen harabar makaranta lamba, su rubuta sunansa da Hausa, da harshen gida, da na kimiyya, su auna kewayen gindinsa a tsayin mita 1.3. A sake aunawa a wata ɗaya kowace shekara, aji shida su miƙa littafin ga aji biyar kafin su tafi. Malaman lissafi kuma su riƙa ɗebo tambayoyin aji daga cikinsa. Bayan shekara goma makarantar za ta san ko mangwaro ko maɗaci ne ya fi saurin girma a ƙasarta, da abin da shekarar ƙarancin ruwa ta yi musu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, yaron da ya saba da awo yana ɗan shekara 15 kuwa ba zai ji tsoron kurmi ba in ya girma.

Ku da kuke fita bana, muna yi muku addu'a kowa ya sami inda baiwarsa za ta yi amfani. Muna bukatar likitoci da injiniyoyi, kuma za mu yi murna da su. Amma in mutum biyu ko uku daga cikinku suka zaɓi daji da gangan, da maki mai kyau a hannu, kada kowa ya ce musu sun yi hasarar ƙwaƙwalwarsu. Allah ya ba ku hikimar zaɓe, ya kuma kiyaye fitarku da shigarku. Amin.